Ɗan Rarrashi a Gwangwanin Madara

Ni ba mai yawan tuna baya ba ne. Mutumin da ke dakon kwalaye daga safe har magariba a bakin Khor, mashigin tekun Deira a Dubai, in ya samu inda zai ajiye haƙarƙarinsa barci yake yi, ba tunani ba. Amma shekarar da ɗana Habibu ya daina ɗaukar wayata, wani abu ya riƙa zuwa mini ba sallama. Ina tsaye da kwalin takalma a kai, zufa na shiga ido, sai in ji ƙamshin bandar kifi. In waiga, babu kowa sai jiragen katako da ake lodawa za su Somaliya, da ruwa mai warin man dizal. Ƙamshin na kakata ne, Iya Tani, wadda ta rasu tun ban yi aure ba.

Mu mutanen ruwa ne, daga can gefen Yauri. Ƙauyen da aka haife ni ba za ka same shi ba ko ka nema, don tun da aka datse kogi ruwa ya hau kansa, aka kwashe mu aka mai da mu tudu. Gidanmu, da tsamiyar ƙofar gidan, da murhun Iya, duk suna can ƙasan tafki, kifaye na shiga ta ƙofa suna fita ta taga. Ina yaro lokacin. Abin da na riƙe na ƙauyen bai wuce wutar nan ba.

In an yi sallar isha'i, maza sun tafi ruwa, Iya takan zauna gaban banda tana juya tarwaɗa da ƙarfasa. Hayaƙi ya tashi a hankali ya tsaya kan rufin ɗaki kamar shi ma labarin yake jira. Mu jikoki mu zagaye ta, ƙafafu cikin yashi mai ɗumi, sauro na cin mu muna cin kan kifin da ya gutsure. Kogi na bayanmu, ba ka ganinsa, sai dai ka ji yana lasar gaɓa. Wani lokaci can nesa ka hango fitilar wani jirgi tana rawa, ka rasa ko tauraro ne ya sauko shan ruwa.

Ba kullum take tatsuniya ba. Sai ranar da ta ɗebo yumɓu. In ka ga ta dawo daga bakin rafi da ƙwarya cike da jan yumɓu, to ka san yau akwai labari, don za ta yi abin da a gidanmu ake kira ɗan rarrashi. Curi ne kamar kan jariri, da huda a tsakiya. In masunci ya jefa dutsen da ke tsai da jirgi, wanda a nan suke ce wa anka, sai ya ɗaura curin nan a tsakiyar igiyar, ya sake shi ya nitse. Nauyinsa ya sa igiyar ta yi ciki, ta kwanta, maimakon ta miƙe tsaf kamar tsirkiya. In iska ta fizgi jirgi, sai ta fara ɗaga curin tukun kafin fizgar ta kai ga dutse. Shi ke nan aikinsa.

Iya ta cura shi, ta huda shi da kara, sannan ta danna babban yatsanta a gefe har ya bar gurbi. Ta shanya shi kwanaki. Ranar gashi ta binne shi cikin garwashin banda, ta ce:

"Ku matso. In bai ji labari ba fashewa yake yi."

Ni nakan ce, "Iya, yumɓu yana da kunne ne?"

"Kai maigida, rufe mini baki. Kai mai kunnen me ka taɓa ji? Miji ba cefane sai surutu."

Yara su kwashe da dariya. Haka take kirana, maigida, ni kuma in ce na sake ta don ba ta da haƙora.

Tana da tata hanyar buɗe labari. Takan ce, "Ga wata nan ta taso daga ruwa." Mu ce, "Ta hau tudu mu gan ta." Labarin kuwa kusan kullum ɗaya ne, na Jatau. Ba mu taɓa gajiya da shi ba, don kullum da abin da take ƙarawa.

Wai a can da, lokacin da kogi bai san sunansa ba, an yi wani mutum Jatau, shi ya fara ɗaga zane a kan jirgi iska ta tura shi. Iska ta ga jirgin ta ce nata ne, tunda ita ke kai shi inda za shi. Ƙasan kogi ta ce a'a, nata ne, tunda in dare ya yi wurinta yake jefo dutse ya ce ta riƙe shi. Iska ta ja sama, ƙasa ta riƙe ƙasa, igiya a tsakani tana kuka har ta tsinke. Jatau ya farka ya gan shi a garin da mutanensa ke tafiya da baya. Da ƙyar ya dawo gida. Ya ce igiyar rama ce ba ta da ƙarfi, ya tufka ta kaba. Ta tsinke, ya farka a garin da ake shuka kifi a gona. Ya tufka ta fatar bauna. Ta tsinke, ya farka a inda wata ke sauka wanka, ya same shi ya tuɓe haskensa ya rataye a reshe. A nan Iya takan daɗe, tana faɗa mana yadda hasken ke ɗiga daga reshen, da yadda Jatau ya ɗebi kaɗan a hularsa ya zube a hanya. Ƙanwata Ladi ba ta taɓa wuce nan ido biyu ba.

Daga ƙarshe Jatau ya je wurin maƙeri aka ƙera masa sarƙa. Ya ce yau sai in ga mai tsinka ta. Iska ta zo ta ja, ƙasa ta riƙe, sarƙa ta ƙi tsinkewa. Sai goshin jirgin ya ɓalle gaba ɗaya. Jatau ya iso gaɓa da iyo, zanen jirgi naɗe a wuya.

Uwarsa tsohuwa ce makauniya, kullum tana zaune bakin ruwa tana jiransa. Ta ji yana zage-zage. Ta laluba gefenta ta ɗebi yumɓun da take zaune a kai, ta cura, ta gasa, ta miƙa masa. Ta ce ya koma ga igiyar ramarsa ta farko, ya rataya wannan a tsakiya. Jatau ya ce, "Sarƙa ba ta yi ba sai ƙasa?" Ta ce, "Je ka dai." Da dare iska ta zo da fushinta ta fizga. Sai ta ji wani abu a tsakiyar igiya, mai nauyi, mai ɗumin hannun tsohuwa. Ta ɗaga shi, ya koma. Ta ƙara ɗagawa, ya koma. Kafin ta gama ɗagawa da saukewa ta manta abin da ya kawo ta, ta koma tana lilo da jirgin kamar mai renon jariri. Jatau ya yi barcin da bai taɓa yin irinsa ba, ya farka a inda ya kwanta.

Iya ta ce, "Ta koma ruwa. Wanda ya bi ta ya jiƙe." Sannan ta tona garwashi da kara, curin ya fito jawur, ta ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara kamar tulu.

Wata rana yayana ya ce shi zai cura nasa da kansa. Iya ta buge masa hannu, ba da wasa ba.

"Ba a yi. Mai shiga jirgi ba ya yi wa kansa. Wanda ya zauna a tudu yana jira, shi ke yi. In ba ka da mai jiranka, tafi da igiyarka tsirara."

Haka dokar take a gidanmu. Ban taɓa jin dalili ba, ban kuma taɓa ganin wanda ya karya ta ba.

To, ni ban zama masunci ba. Na bar ruwa na bi tudu, Kano, Legas, har wani Alhaji ya yi mini biza na zo Dubai ina haɗa wa 'yan kasuwa kaya. Karatuna bai wuce in rubuta suna a jikin kwali ba, shi ya sa na rantse Habibu zai yi boko. Sai ga shi ya kai aji na ƙarshe a sakandare ya ajiye, ya gyara tsohon jirgin mahaifina, ya ɗinka buhunan shinkafa ya yi masa zanen iska, ya koma tafki. Ranar da na ji, na sayi kati na kira. Abin da na faɗa masa na faɗa. Na ce ina nan ina cin rana ne don kada ya yi ƙarnin kifi, in ya zaɓi ruwa to ya nemi wani uban a cikin ruwan. Ya ce, "To, Baba." Daga nan ko na kira sai uwarsa ta ɗauka, ta ce ya fita. Wani lokaci ina jin tarinsa a bayanta.

Har yau ban ce ban yi gaskiya ba. Boko ya fi. Amma azumi ya zo ya wuce, babbar salla ta wuce, yaron bai ce mini uffan ba.

Da damina ta kusa, uwarsa Asabe ta faɗa mini abin da ya hana ni cin abinci. Ita 'yar cikin gari ce, ba ta san ruwa ba, ta faɗa ne kamar abin dariya.

"Ɗan naka fa taurin kai. Abokansa sun ce ya rataya wani abu a igiya saboda hadari, wai ko tsohon ƙarfen mota ne, ya ƙi. Wai a gidanku ba a yi wa kai. Na ce to kawo in yi maka, ya ce ban iya ba, kuma wai ba ni ce ke da bashin yi ba."

Na ce, "Yana kwana a ruwa?"

"Kwana biyu, uku. Ya ce kifin yana tsakiya."

Na san hadarin tafkin nan. Yakan taso daga gabas ba gargaɗi, ruwa ya tashi tsaye. Jirgi mai igiya a miƙe, ko dutsen ya kuɓuce ko goshin ya nitse. Yaron kuma ni na ba shi labarin Jatau da bakina, yana ƙarami, wata shekara da na je gida. Ashe ya riƙe. Ya riƙe har da dokar.

Ranar Juma'a da yamma na zauna bakin Khor da kofin shayi, ina kallon ruwa kamar wawa. Kusa da ni akwai wani ƙaramin jirgin katako mai zanen iska, na wani tsoho ɗan ƙabilar Balushi mai jan gemu. Na ga ya ɗauko gwangwanin fenti cike da siminti, da zoben ƙarfe a kai, ya ɗaura a igiyar ankarsa ya sake shi ya bi ta ƙasa. Igiyar ta yi ciki. Na nuna masa da hannu, ya yi dariya ya ce, "Shwayya, shwayya," wato sannu-sannu, yana lilo da tafin hannu. Ba mu da yare ɗaya ni da shi, amma na san ko shi wata tsohuwa ce ta koya masa.

Yumɓu na fara nema. Ka nemi yumɓu a Dubai ka gani. Yashi ne ko'ina, ka jiƙa shi ka matse, ka buɗe hannu ya watse. Sai na bi ta Balushi. Wani ɗan Gayar Nijar da na sani, Isuhu, yana aikin gini yana kwana a Sonapur, unguwar leburori, shi ya kawo mini ragowar siminti a leda da guntun rodi.

Ya ce, "Mon frère, gida za ka fara ginawa da wannan? Vraiment ka yi dabara, shekara ɗari ka gama."

Na ce, "Kawo nan, ɗan Faransa."

A unguwar Abu Hail muke kwana, ɗaki ɗaya mu da yawa, gadaje masu hawa biyu. Bayan isha'i na hau rufin bene da babban gwangwanin madara. Isuhu ya biyo ni, da wani Bature, ɗan Kano mai haɗa kargo, baƙi wuluk, sunan ne kawai. Na lanƙwasa rodin ya zama zobe, na kwaɓa siminti da tsakuwa, na cika gwangwanin, na kafa zoben. Da ya fara kamawa na danna babban yatsana a gefe. Simintin ya ci mini fata, kwana da kwanaki yana zafi.

Sai na zauna ina kallonsa. Babu wuta, babu garwashi, siminti ba ya son gashi. Amma zuciyata ta ƙi yarda in tashi in bar shi haka.

Bature ya ce, "Yalla mu sauka, khalas, an gama ai."

Na ce, "Bai ji labari ba."

"Wa?"

"Shi."

Suka dubi juna. Isuhu ya ce, "Rana ta taɓa shi." Ni kuwa na gyara zama na ce, "Ga wata nan ta taso daga ruwa." Na ce, "Ku ce ta hau tudu mu gan ta, 'yan banza." Suka faɗa suna dariya.

Na ba da labarin Jatau tun daga farko, ni da furfurata, a kan rufin bene, na'urorin sanyaya ɗaki na gurnani kewaye da mu. Can nesa ƙugiyoyin gini da jajayen fitilunsu sun tsaya cikin hazo, jiragen sama na saukowa ɗaya bayan ɗaya kamar masu zuwa ɗiban ruwa. Da na kai inda wata ya rataye haskensa a reshe, na ji muryata ta canja, ta koma ta Iya, har da inda take jan numfashi. Dariyarsu ta tsaya. Bature ya kwanta rigingine a kan kwali. Da na rufe, Isuhu ya ce tasu kakar a Gaya cewa take kada ne ya ciji igiyar. Na ce kakarsu ba ta iya ba.

Saura aikawa. Kwantena za ta daɗe, damina ba ta jira. Na je kasuwar Naif wurin Hajiya Binta, 'yar kasuwar Kano da nake wa dako shekara da shekaru, za ta tashi washegari. Ta ɗaga ledar, hannunta ya yi ƙasa.

"Innalillahi! Malam Ɗanlami, mene ne wannan? Gwal?"

"Siminti ne, Hajiya."

Ta zauna a kan dilar jakunkuna tana dariya har da hawaye. "Jama'a ku zo ku gani. Kowa na aika agogo da turare daga Dubai, shi dutse zai aika. Siminti ya ƙare a Najeriya ne? In 'yan kwastan suka ce in fasa fa?"

"Kada ki bari su fasa."

"Kilona fa? Takalma nawa zan bari saboda dutsenka?"

Na ce, "Na ɗana ne. Yana kwana a ruwa." Ta dube ni, ta daina dariyar. Ta zuge jakarta ta hannu, ta fitar da wasu mayafai ta miƙa wa yarinyar shagon ta ajiye, ta cusa gwangwanin.

"Wa zan ce ya karɓa? Akwai saƙon baki?"

"Direban Yauri a tasha, ya san gidan. Babu saƙo. Zai gane."

Daga nan sai jira. Na gane abin da makauniyar nan ke yi a bakin ruwa, aiki ne, ya fi dako wuya. Asabe ta ce kaya ya iso, yaron ya juya shi ya juya, ya sa yatsansa a gurbin, ya ɗauka ya fita. Aka yi ruwan farko, aka yi na biyu. Shiru.

Wata rana da la'asar ina cikin loda firji a jirgi, wayata ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Filashin ne, lambar gida. Na bar firjin a hannun mutane suna zagina da yare uku, na ruga na sayi kati. Na kankare shi na kira lambar.

"Salamu alaikum."

Ba Asabe ba ce. Muryar ta yi kauri, ta zama ta namiji.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya. Ya ruwa?"

"Alhamdu lillahi. An yi hadari shekaranjiya." Ina jin kaji a bayansa. "Baba, abin nan. Gaba nawa ake bari kafin a ɗaura shi?"

Yaron da ya kwana cikin hadari shekaranjiya ya fito lafiya, shi ke tambayata inda ake ɗaurawa. Ya sani sarai, ya ma fi ni sani. Na zauna a kan wani kwali na fara yi masa bayani dalla-dalla, yadda zai duba zurfi, yadda zai saki igiya, irin ƙullin da ba ya zamewa. Yana cewa, "To, Baba. To." Maganar makaranta ta taso mini har maƙogwaro, na ji ta tana fizga. Na bar ta ta ɗaga, ta koma. Muna cikin zancen ƙulli katin ya ƙare.

Da ina yaro na ɗauka labarin Jatau na iska ne da igiya. Da na girma na ɗauka wayon tsofaffi ne, don a san tsawon lokacin da yumɓu ke gasuwa. Yanzu ban san me zan ce ba. Abin da na sani, shekaru na yi ina neman sarƙa, kuma saura kaɗan in ɓalle goshin jirgin. Maganar boko tana nan, zan yi ta wata rana, ba na fasawa. Amma yanzu duk Juma'a wayata takan yi ƙara sau ɗaya ta katse.

In na hau gadona na sama a Abu Hail, fanka na juyawa dab da hancina, nakan rufe ido in ga gwangwanin madarar nan rataye cikin koren ruwa, yana hawa yana sauka a hankali. A samansa cikin jirgi ne, da yarona a kwance ya rufa da zanen buhu. A ƙasansa, in an yi dace da wurin, tsamiyar ƙofar gidanmu ce, da murhun Iya, dutsen ankar ya zauna cikin tokarta. Ni kuma ga yatsana a tsakiya.